DAGA RAFIN BAYAN MAKARANTA ZUWA BAKIN TEKU

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fito da sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai wani baƙin ciki da yakan shiga gidajen ɗalibanmu na ajin kimiyya. Yaro ya cika takarda yana neman karatun likita, sai ga shi an ba shi ilimin dabbobi, ko ilimin tsire-tsire, ko kiwon kifi. Uba ya yi shiru, uwa ta shige ɗaki, shi kuwa yaron ya riƙa ɓuya kamar wanda ya yi sata. Mun ga waɗansu da suka ƙi karɓar gurbin da aka ba su, suka zauna a gida shekara uku ko huɗu suna maimaita jarrabawa, har karatun ya fita daga ransu gaba ɗaya. Wannan abu yana damunmu ƙwarai, gama mu ne muka koyar da su, mun kuma san irin baiwar da ke kansu.

Saboda waɗannan yara da iyayensu ne muka roƙi kwamitin wannan mujalla ya ba mu fili a bana, domin mu ba da labarin ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanmu. Ita ma ta nemi likita ba ta samu ba. Yau tana karatun digiri na uku a kan binciken teku da kiyaye halittun da ke cikinta. Ta yarda mu ba da labarinta, amma ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta, don haka za mu riƙa ce mata 'yarmu. Abin da za mu faɗa mun same shi daga bakinta, da wasiƙunta, da kuma jawabin da ta yi wa 'yan ajin ƙarshe sa'ad da ta ziyarce mu.

YARINYAR DA MUKA SANI

'Yarmu ta shigo aji ɗaya a shekarar 2007. Mahaifinta manomi ne, mahaifiyarta kuwa tana sayar da acca da dankali a kasuwar mako. Ba ita ce takan zo ta ɗaya a aji ba. Yawanci tana tsakanin ta biyar da ta goma, ba ta kuwa da yawan magana. Abin da ya bambanta ta da sauran yara shi ne wani ƙaramin littafi mai baƙin bango.

A lokacin, ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta kafa ma'aunin ruwan sama a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ba wani abin a zo a gani ba ne, mazurari ne kawai da kwalba a cikin gwangwani. Aka ce kowace safiya ɗalibi ɗaya zai auna ruwan da ya taru, ya rubuta, ya zubar. Yara goma sha biyu suka ɗaga hannu. Kafin ƙarshen zango saura ita kaɗai. Shekara uku tana wannan aiki, da ƙarfe bakwai na safe, kafin taron addu'a. Da muka karɓi littafin muka duba, muka ga waɗansu ranaku da ba a sa lamba ba. A gabansu ta rubuta, "Ban auna ba, ina ɗakin magani," ko "Ban auna ba, hutu." Da ta ga dama da ta ƙaga lamba ta cike gurbin, ba kuwa wanda zai sani. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, gama daga nan hanyarta ta soma.

RANAR DA SUNAYE SUKA FITO

Ta gama sakandare a 2013 da sakamako mai kyau, amma makinta bai kai na likita ba. Ta zauna shekara guda, ta sake gwadawa a 2014, sai aka ba ta ilimin dabbobi. Mahaifinta ya zo ya same mu a ɗakin malamai, hularsa a hannu. Ya ce, "Malam, ku faɗa mini gaskiya tsakani da Allah. In sayar da hatsina in kai yarinya jami'a ta karanta dabba? Ai dabbobi muna da su a gida, akuya kuwa ba ta taɓa tambayata digiri ba."

Muka ce masa, "Baba, ba za mu yi maka alkawarin dukiya ba. Abin da muka sani shi ne, 'yarka tana da ido, tana da haƙuri, ba ta kuma ƙarya a kan abin da ta auna. Irin waɗannan ake nema a wannan fanni. Ka bar ta ta je ta gani." Ya daɗe yana juya hular, sa'an nan ya ce, "To, Malam, Allah ya sa albarka." Muna girmama wannan dattijo har yau, domin ya ba da abin da ke hannunsa a kan hanyar da bai ga ƙarshenta ba.

A shekararta ta uku a jami'a aka koya musu darasin halittun ruwa, aka kuma kai su tafkin Pandam da ke kudancin Jihar Filato. A can ta ji labarin ayu daga bakin masu gadin daji. Dukanmu mun san sunan ayu a tatsuniya da bakin masu magani, amma kaɗan ne suka san cewa dabba ce mai shayar da ɗanta nono, mai cin ciyawar ruwa, wadda takan ɗauki ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne, irin ayun da ke kogin Binuwai shi ne kuma yake zaune a gaɓar teku, tun daga Sanagal har Angola. Ashe akwai dabbar da ta haɗa ƙasarmu ta tudu da bakin teku. Yawansa yana raguwa saboda farauta da tarun masunta da madatsun ruwa, har a 2013 ƙasashen duniya suka sa shi cikin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa.

Ta gama a 2018. A 2019 aka tura ta bautar ƙasa Jihar Kuros Riba, ta koyar da bayoloji a wani ƙauyen masunta kusa da inda kogin Kuros yake shiga teku. Tana da shekara 23 ba ta taɓa shiga kwalekwale ba. Ta ce da safe ta ga jiragen masunta suna kan ruwa a gindin gidaje, da azahar ta dawo ta tarar da su kwance a kan laka, ruwan ya tafi. Ta tambayi yaran ajinta wa ya buɗe madatsa, suka yi ta dariya. Ta karanta cikowa da janyewar teku a littafi, har ta ci jarrabawa a kai, amma gani ya kori ji. Wata ne yake jan ruwan, rana tana taimaka masa, ya cika ya janye sau biyu a yini da dare, kowace rana kuma ya yi lattin wajen minti 50. A Legas bambancin cikowa da janyewa bai fi mita ɗaya ba, amma a wajen Kalaba yakan kusan kai mita uku. Yaran nan su ne suka koya mata iyo. Kafin shekarar ta ƙare ta cika takardar neman digiri na biyu a Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Kalaba.

ME YA HAƊA MU DA TEKU?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mata a gida, mu ma an sha yi mana ita a ƙofar majami'a. Mutumin tudu, ina ruwansa da teku? Amsar tana da kashi uku.

Na fari, daminarmu daga teku take zuwa. Iskar hunturu daga hamada take busowa, ta arewa maso gabas, shi ya sa ba ta da laima. Iskar da take kawo hadari kuwa daga kudu maso yamma take tasowa, daga Tekun Atilantika, ɗauke da tururin da rana ta tayar daga fuskar ruwa. Ruwan da 'yarmu ta yi shekara uku tana aunawa a kwalba, da wanda ya shayar da masarar mahaifinta, daga can ya fito. Teku ta rufe wajen kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya, idan kuwa zafinta ya sauya, lokacin shuka da yawan ruwan sama sukan ji a jikinsu.

Na biyu, ruwanmu can yake komawa. Duwatsun Filato su ne mafarin koguna da yawa. Kogin Gongola yana shiga Binuwai a Numan, kogin Mada ma Binuwai yake shiga, kogin Kaduna kuwa yana shiga Neja. Binuwai da Neja suka haɗu a Lokoja, suka gangara kudu, suka rarrabu cikin ƙoramu masu yawa kafin su faɗa teku. Rafin da ke bayan ɗakin kwanan 'yan mata, inda kuke wanki ran Asabar, yana kan wannan hanya. Ledar fiya wata da aka jefar a kwata, da ragowar takin zamani, da maganin ciyawa da aka wanke a bakin rafi, ba ɓacewa suke yi ba, tafiya suke yi. A 2017 waɗansu masana a Jamus suka lissafta Neja cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Binciken da aka yi a 2021 ya nuna cewa ƙananan koguna fiye da dubu suna da babban rabo a cikin laifin, watau ba manyan kaɗai ba. Kififfiyar teku takan ga leda tana yawo a ruwa ta ɗauka abinci ce, ta haɗiye, ta toshe mata ciki.

Na uku, tukunyarmu. Kirefish da iyayenmu mata suke dakawa a miya, yawancinsa daga bakin teku yake zuwa, daga wurare irin su Oron a Jihar Akwa Ibom. Kifin ƙanƙara da muke ci ran Lahadi kifin teku ne, mafi yawansa ma daga ƙasashen waje ake sayo shi, domin wanda muke kamawa ba ya isarmu. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon wajen kilomita 850. Wannan gaɓa ta ɗan Filato ce kamar yadda take ta ɗan Bayelsa.

AIKIN DA TAKE YI

A inda ruwan kogi yake gauraya da ruwan gishiri akwai wani irin kurmi da ake kira mangurob. Kada yara su ɗauka mangwaro muke nufi, babu dangantaka tsakaninsu. Itatuwa ne masu tsiro a cikin laka, saiwoyinsu suna tsaye a sarari kamar ƙafafun gizo-gizo. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan kurmi. Amfaninsa kuwa babba ne. A tsakanin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa suke ɓuya daga manyan kifaye har su yi ƙarfi su fita teku. Ganyen da ya faɗi ya ruɓe shi ne tushen abincinsu. Saiwoyin kuma suna riƙe ƙasa, suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gidajen mutane.

A 1906 Turawan mulki suka kawo wani irin itace mai kama da kwakwa daga Singafo suka dasa a Kalaba, da niyyar hana zaizayar ƙasa. Sunansa nipa. Da kyakkyawar niyya aka kawo shi, amma 'ya'yansa suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurob sai ya riga shi kama wurin. Ya bazu yamma cikin yankin Neja Delta, ya shiga Kamaru ta gabas. Ba shi da irin saiwoyin nan masu ba kifi mafaka, masunta kuwa sun daɗe suna kuka da shi. Aikin 'yarmu shi ne ta gwada irin ƙananan kifayen da ke zaune a gindin mangurob da waɗanda ke gindin nipa, wata bayan wata, rani da damina.

Ga yadda ranar aikinta take. Ba agogo ne yake sa mata lokaci ba, ruwa ne. Idan zai cika da ƙarfe biyar na asuba, to, da huɗu tana bakin gaɓa da rigar hana nutsewa. A kowane wuri da ta zaɓa takan auna zafin ruwa, da yawan iskar shaƙa da ke cikinsa, da gishirinsa. Ruwan tsakiyar teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, na bakin kogi kuwa yana hawa yana sauka bisa ga damina da cikowar ruwa. Sa'an nan ta saki wani farin faifai mai igiya a hankali har ya ɓace wa ido, ta auna tsawon igiyar, ta haka za ta san ko ruwan ya gurɓace da laka. Wani limamin Katolika ɗan Italiya, Angelo Secchi, shi ya ƙago wannan faifai a 1865, har yau kuwa ana amfani da shi a duniya duka. Bayan haka ita da masunta biyu su ja ƙaramin taru, tsawon ja ɗaya a kowane wuri, domin gwajin ya zama na adalci. Abin da aka kama a zuba a kwalba da maganin hana ruɓa, a rubuta wuri da rana a 'yar takarda a jefa ciki. Da fensir ake rubutawa, gama tawadar biro takan narke.

Ta faɗa wa 'yan ajin ƙarshe cewa yini ɗaya a kwalekwale yakan haifi mako biyu a kan tebur. Kowane ɗan kifi sai an gane irinsa, an auna tsawonsa da milimita, an ɗora shi a sikeli, waɗansu a tsaga cikinsu a ga abin da suka ci. Daga nan sai lissafi a kwamfuta. Ta ce, "Ƙannena, wanda yake gudun lissafi ya ce zai ɓuya a bayoloji, lissafin yana can gaba yana jiransa."

WAHALAR HANYA

Ba ma so yaranmu su ɗauka yawon shan iska ne. Kuɗin hayar kwalekwale da mai da ladan masunta daga aljihunta suka riƙa fita. Da dare tana koyar da 'ya'yan mutane darasi a gidajensu domin ta samu. Zumuntar mata ta ikilisiyarsu ta taɓa tara mata gudummawa, ko da yake a cikin matan akwai masu ce wa mahaifiyarta, "Mama, yaushe za mu ci shinkafar bikin 'yarki? Sa'o'inta duk suna da goyo." Mahaifiyar kuwa tsoronta ɗaya ne, ruwa. Duk ranar da ta san 'yarta tana kan kwalekwale ba ta iya cin abinci sai ta ji muryarta a waya.

A 2022 jami'o'in gwamnati suka kasance a rufe wata takwas saboda yajin aiki. Abokan karatunta da yawa suka koma gida. Ita ta zauna, domin kifi bai san yaji ba, idan kuwa wata ɗaya ya wuce ba a auna ba, ba ya dawowa.

A cikin wannan shekara ce gwaji mafi girma ya same ta. Suna dawowa daga ruwa, kular da kwalaben suke ciki ta faɗo daga bayan babur. Kwalabe suka fashe, kifin gindin mangurob ya gauraya da na gindin nipa a kan titi. Aikin wata guda da kuɗin wata guda suka tafi. Wani abokin karatu ya ba ta shawara ta duba lambobin watan da ya wuce da na mai zuwa, ta sa wani abu a tsakani, gama ba mai ganewa. Ta ce ta kwana tana tunani, domin aljihunta babu kome. Da gari ya waye ta buɗe littafinta ta rubuta cewa samfurin wannan wata ya lalace a hanya. Ta jira shekara ta zagayo ta sake auna watan. Wannan ya jinkirta gamawarta har 2023.

Me ya sa abin ya kai haka? Domin a kan irin waɗannan lambobi ne ake yanke shawarar inda za a hana sara, da inda za a sake dasa itace, da watannin da za a ɗaga wa kifi ƙafa ya hayayyafa. Lambar ƙarya ɗaya tana iya hana ƙauye guda abinci ba gaira ba dalili, ko ta bar kurmi ya mutu ana cewa lafiya yake. Ku dubi ƙasar Ogoni. An daɗe ana gardama a kan ɓarnar da malalar man fetur ta yi a can. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton abin da masana suka auna a ƙasa da ruwa. A wata unguwa suka sami gubar benzin a ruwan sha ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau 900, suka kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Abin da ya ba wannan rahoto nauyi shi ne, an auna, an kuma rubuta abin da aka gani.

KIYAYEWA BA HANA MUTANE CI BA NE

Wani abin da ya faranta mana rai shi ne yadda take maganar masunta. Ba ta ɗauke su jahilai masu ɓarna ba. Ta ce tsohon da yake tuƙa ta ya san sunan kowane kifi da harshen Efik, ya san watan da kowanne yake ƙwai, ya san inda laka take haɗiye mutum. Hausawa sun ce idan kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai yi musu? Tana ce masa Baba, shi kuma yana ce mata 'yar arewa.

Matan ƙauyen suna saran mangurob domin su yi bandar kifi. Ta ce ba ta da bakin da za ta ce musu su daina, gama ita ma ta yi girma tana ɗauko itace a ka daga bayan gari, ta san ba don ƙeta ake yi ba. Idan ba a yi banda ba kifin zai ruɓe kafin ya kai kasuwa. Maganin shi ne a nuna musu hanyar da ta fi. A Gana, wajen 1970, aka gyara wani irin murhun banda a unguwar masunta ta Chorkor da ke Akara, mai tire-tire da ake jerawa bisa juna, wanda yake gasa kifi mai yawa da itace kaɗan. Irin wannan dabara, da sake dasa itatuwa tare da mutanen gari, su ne suke kiyaye kurmi, ba tsawa ba.

Ba ita kaɗai ce a wannan hanya ba. Rachel Carson ta Amurka, wadda aka haifa a 1907, ta yi girma nesa da teku, sai a 1929 bayan ta gama kwaleji ta fara aiki a bakinta. Ilimin dabbobi ta karanta a digiri na biyu. Littafin da ta wallafa a 1962 a kan haɗarin magungunan ƙwari ya taimaka har Amurka ta hana fesa DDT a gonaki a 1972. A maƙwabciyarmu Kamaru akwai Dokta Aristide Takoukam Kamla, wanda ya yi digiri na uku a Jami'ar Florida a kan ayun tafkin Ossa, ya koma gida yana aiki da masunta, ya kuma karɓi lambar yabo ta Whitley a Ingila a 2024. A ƙasarmu akwai Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya a Legas tun 1975, a 2023 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku. A Disamba 2022 ƙasashen duniya suka amince a Montreal ta Kanada cewa za a keɓe kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku domin kiyayewa kafin 2030. Wannan aiki yana bukatar masu aunawa, ya kuwa fi kyau su zama 'ya'yan ƙasa.

GA ƊALIBAI DA IYAYE

Ya ku ɗalibanmu, muna so ku zama likitoci, ƙasarmu tana bukatarsu ƙwarai. Wanda ya samu, ya riƙe da hannu biyu. Amma wanda aka ba wani fanni, kada ya ce an rufe masa ƙofa kafin ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Ga shawararmu. Ku riƙe lissafi da kemistiri kamar yadda kuka riƙe bayoloji. Ku koyi rubuta Turanci mai tsabta, domin binciken da ba a rubuta ba daidai yake da wanda ba a yi ba. Ku koyi kwamfuta fiye da kallon hotuna. Idan kun sami wurin da ya dace da mai koyarwa, ku koyi iyo, amma kada wani ya ce mun aike shi kududdufin haƙar kuza. Fiye da duka, a ɗakin gwaje-gwaje ku rubuta abin da idonku ya gani, ko da bai yi daidai da na littafi ba, ko da na maƙwabcinku ya fi kyaun gani. Wanda ya saba kwafe sakamakon gwaji a aji biyar, hannunsa ba zai yi rawa ba ranar da rayukan mutane suke rataye a kan lambarsa.

Ya ku iyaye, ba mu ɓoye muku kome ba. Wannan hanya doguwa ce, guraben aikinta ba su da yawa, 'yarmu kuma har yanzu ba ta sayi mota ba. Tun 2024 tana karatun digiri na uku da ɗan tallafin da ta samu, daga ciki kuma take biya wa ƙanenta kuɗin makaranta a nan wurinmu. Amma tana cin abincinta da gaskiya, aikinta kuma yana tsare abincin dubban mutanen da ba su san ta ba. Idan ɗanku ya kawo muku takardar gurbin da ba ku taɓa jin sunansa ba, kada ku yi masa shiru. Ku zo tare da shi ɗakin malamai mu zauna mu duba. Mu da karatunmu ya tsaya a kwalejin horon malamai, babu abin da yake sa mu farin ciki kamar mu ga yaron da muka riƙe wa alli ya kai inda ƙafarmu ba ta taka ba.

Akwai kuma abin da dukanmu za mu iya yi tun daga zango mai zuwa. Ƙungiyar kimiyya za ta riƙa fita ran Asabar ta farko a kowane wata domin kwashe leda daga bakin rafi, za a ƙirga abin da aka kwashe, a auna shi, a rubuta. Muna gayyatar matasan ikilisiya su zo mu yi tare.

Ga 'yan ajin ƙarshe masu barinmu a bana, muna yi muku fatan alheri. Sannu ba ta hana zuwa. Duk inda aka ba ku gurbi, ku yi aikin da aminci. Allah ya kiyaye fitarku, ya sa mu ji labarinku mai daɗi.